Ranar da Baffa Ya Kira Sunana

Zuwa ga Baba Ɗantsoho, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Baba, don Allah don Annabi ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Masifar dai ta zo ta wuce, alhamdu lillahi, har ma zan iya ce maka tun da nake ban taɓa jin sanyi a raina irin na 'yan kwanakin nan ba. Amma ga ni kwance da ƙafa a ɗaure, ga wata magana da na riga na furta tana tafe za ta cim mini, ban san yadda zan yi da ita ba. Ni ba na rubutu. Wani malami ne da ya zo duba ni yake rubuta mini, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana, ya sa ta yadda ta fito. In ka ga ina ta kewaye-kewaye ka yi haƙuri, haka bakina yake. Sunana kuwa a sakaya shi.

Mu Fulani ne, rugarmu tana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Da can ba mu san zama wuri ɗaya ba, sai shekarar babbar yunwar nan da ta ci mutane ta ci dabbobi, garken mahaifina ya kusa ƙarewa ƙaf. Shi ne Baffa, haka muke kiran mahaifin namu, ya roƙi fili wurin mai gari, muka kafa bukkoki, muka fara noman gero da dawa da wake. Daga baya shanu sun dawo, Allah ya sa albarka, amma noman bai sake mu ba. Mahaifiyarmu ta rasu tuni, Allah ya jiƙanta. Mu biyu ne maza a wurin Baffa, ni ne ɗan fari, sai ƙanena Haladu.

Kunyar ɗan fari ba sai na koya maka ba. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Wannan ban ce komai ba, haka muka taras, maƙwabtanmu Hausawa ma haka suke yi. Amma ta Baffa ta wuce ta kowa. Wasu iyayen sukan sa wa yaron laƙabi su riƙa kiransa da shi. Ni duk rugar nan Dogo ake ce mini, shi ko Dogon ba ya iya faɗa, sai dai "wancan" ko "mutumin nan". Ina tsaye a gabansa, inuwata tana taɓa tabarmarsa, sai ya juya ya dubi Haladu ya ce, gaya wa mutumin nan a kai maruƙa inuwa. In Haladu ba ya nan, ya gaya wa matata Fadimatu. In ita ma ba ta nan, wallahi Baba, iska yake gaya wa. Ga shi na yi gemu, na yi 'ya'ya, ban taɓa haɗa ido da ubana ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon aiki. Haladu aka ba garke. Da damina ta sauka ya kora shanu ya yi arewa, sai kaka ya dawo fes da shi, yana ta ba da labarin ƙasashe. Ranar da zai dawo Baffa da kansa yake tashi ya tare shi a bakin hanya, ya bi shanun nan yana shafa su yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ka ji fa, Baba, saniya ma tana da suna a bakinsa. Ni kuwa aka bar ni da fartanya da lauje. Bafulatani da lauje! Samarin da muka yi kiwo tare muna yara, in sun wuce ni a gona sai su ɗaga sanda su ce sannu Kaɗo, ya aiki? Nakan yi dariya in amsa, amma Allah kaɗai ya san abin da ke cikina.

Mutane suna murna da kaka, ni a wurina lokacin da baya ke tsagewa ke nan. Da an gama roron wake sai in shiga yankan harawa tun ganyen yana da sauran kore, don in ka yi jinkiri ya zube, ka tashi da jijiya zalla. A shanya ta, a juya ta, a naɗe ta dami-dami. Naɗin kuma sai da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, in rana ta take ganyen marmashewa yake a hannunka. Ba a barin ta a ƙasa, ga gara tana jira, ga awakin gari suna jira. Sai a hau itace a cusa ta cikin rassa, can sama inda ko raƙumin Buzaye ya miƙe wuya ba zai kai ba. Bayan harawa ga ingirici, ciyawar da nake yankowa a kwari in busar, ga karmamin dawa. Da wannan shanun tatsa da maruƙa suke rayuwa in rani ya tsananta, daji ya zama fayau babu ko tsinke. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa jin sannu daga bakin Baffa ba. In saniya ta fita bazara da sauran nama a jikinta, sai ka ji ya ce kai, Haladu ya iya kiwo.

To bana sai na ce ya isa haka. Ina da kawu, Kawu Cindo, ƙanen mahaifiyata, yana zaune arewa da Maigatari, a ɓangaren da Faransa ke riƙe da shi, wajen Damagaram. Muka haɗu ranar kasuwa tun gero bai nuna ba. Shi ka san kawu, ya kira ni da sunana, ya riƙe mini hannu, ya saya mini goro. Ban san lokacin da na zazzage masa duk abin da ke cikina ba. Ya ce in taho wurinsa, akwai makiyaya, shi kuma 'ya'yansa duk mata ne, yana neman namiji a kusa. Na sa hannuna cikin nasa na yi masa alkawari, da na gama ɗora harawa ya zo da mutanensa mu kora shanuna.

Shanun nawa kuwa ga asalinsu. Ranar sunana Baffa ya ba ni karsana, yadda ake yi. Ita ce ta tsallake yunwar nan, ta yi ta haihuwar mata, matan su ma suka yi ta haihuwa. Yau yawancin shanun da ake tatsa a gidanmu jikokinta ne. Ke nan in na tashi, ƙwaryar nonon gidan ta kife, kuma babu wanda ya san kan harawa. Na san haka sarai, a lokacin ma daɗi abin ya yi mini, na ce bari su ɗanɗana su ji. Fadimatu ta yi kuka ta ce in sake tunani, na ce ta rufe mini baki. Na shiga tufka sabon dangwali, igiyar da muke jera maruƙa a kai, a ɓoye bayan bukkata.

Ana nan harawa ta kusa ƙarewa, itatuwan da na saba ɗorawa duk sun cika. Akwai wani babban gawo a bakin rijiya, na ce nan zan kai ragowar don ya fi kusa da turke. Da safe na ɗauko dami a ka zan wuce, Baffa yana zaune yana jan carbi, sai na ji ya ce da Haladu, gaya wa mutumin nan kada ya hau gawon bakin rijiya, reshen gabas ya mutu a tsaye, na ga gara a jikinsa. Haladu kuwa ya juyo ya buɗe baki zai maimaita mini, sai ka ce ni kurma ne. Kai, Baba, raina ya ɓaci! Na ce a zuciyata, wanda bai taɓa naɗe dami ɗaya ba, shi zai koya mini reshe? Wallahi da ni ya duba ya faɗa, da na ji. Amma tunda aike ne, sai na miƙe tiryan-tiryan zuwa gawon nan, na hau, na kuma zaɓi reshen gabas ɗin da gangan. Na ja dami na fari da igiya na cusa, na ja na biyu. Ina cikin jan na uku na ji ƙas a ƙarƙashina. Iyakar abin da na sani ke nan.

Matan da ke ɗiban ruwa sun ce na faɗo tim kamar buhun gero. Cinya ta karye, kaina ya bugi saiwa, na suma. Abin da ya fara dawo mini kunne ne. Na ji wani yana kiran sunana, ba Dogo ba, sunana na yanka, yana ta maimaitawa. Ban gane mai muryar ba, don ban taɓa jin sunan nan a cikinta ba. Da na buɗe ido sai ga fuskar Baffa dab da tawa. Ba hula, ba sanda, kaina a kan cinyarsa, hawaye yana bin gemunsa. Tsohon da sai an kama masa hannu yake tashi daga tabarma, an ce da gudu ya wuce Haladu a hanya. Ga matan gari, ga surukansa, ga fatake suna shayar da jakuna, duk a gabansu yake kiran sunan yana cewa ɗana, ɗana, ka tashi. Ina jin nauyin faɗar wannan, amma zan faɗa. Sai na sake rufe ido na yi kamar ban farfaɗo ba, don in ƙara ji. Ya kuwa ƙara.

An ɗauko maɗori daga Gagarawa ya ɗaure ƙafar, ya ce ƙashin zai kama, ko da zan ɗan riƙa ɗingishi. Ɗingishin bai dame ni ba ko kaɗan. Tun ranar nan wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka, barci nake yi har da minshari. Wani lokaci ina kwance ni kaɗai sai in ji ina dariya, har Fadimatu ta fara tsoron ko bugun da kaina ya yi ne. Ragowar harawar kuma ka san wa ya ƙarasa? Baffa ne ya ɗauki lauje da hannunsa, shi da Haladu. Sai dai aikin makiyaya, safiyarsu ta tatsa ce, sai sun gama sun shayar sannan su shiga gona da rana tsaka su hau naɗi. Ina hango su ta ƙofar bukka ganye yana ta zuba, ina cizon yatsa. Da na kasa daurewa na aiki Fadimatu ta gaya wa Haladu maganar raɓa. Washegari tun da jijjifi suna gona su biyu. An yi asarar wata harawar, amma abin da ke sama zai kai mu ruwa in Allah ya so.

To ga inda damuwar take. Tun ranar nan Baffa bai sake yarda mun haɗu ba. Kullum da safe yakan zo ya tsaya bayan zana ya tambayi Fadimatu yaya mai jiki, ya juya. Akwai wani tsohon Bamange a garin, Kyauta, abokin wasanmu ne, kuma yana bakin rijiya ranar da abin ya faru. Yanzu duk inda ya hango Baffa sai ya dafe kai ya kwaikwayi muryarsa yana kiran sunana yana kukan ƙarya, jama'a su yi ta dariya. Baffa ya daina zuwa rijiya, ya daina zuwa kasuwa, masallaci ma kansa a sunkuye yake zuwa ya dawo. Tausayinsa nake ji ƙwarai. Sau da yawa nakan ji kamar in ja jiki in je gabansa in ce Baffa na ji, na gode, sai kuma in ji tsoro.

Na biyun ya fi wannan. Shekaranjiya Haladu ya zo ya zauna a bakin shimfiɗata yana ta murza hula, can ya ce ai Baffa ya daɗe da sanin zan tashi. Wai ya ga sabon dangwalin tun ina tsakiyar tufka shi, bai tambayi kowa ba. Abin da kawai ya ce da Haladu shi ne, in mutumin nan ya tashi a haɗa masa da jan bijimin nan, kada ya je ƙasar mutane ba uban garke. Baba, bijimin nan shi ne idon Baffa. Haladu ya roƙa ya hana shi, mahauta sun yi ta zarya ya kore su. Na juya maganar nan na sake juyawa. Ko dama so yake in tafi? In yana son in zauna, me ya hana shi ya ce kada a tafi, ko da ta bakin Haladun ne? Ga shi kuma an ce Kawu Cindo har ya share mini wurin bukka, ya gaya wa mutanensa, da watan nan ya mutu zai taso. Mutum ya sa hannu cikin hannun kawunsa sannan ya janye, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ni yanzu zuciyata ba ta son tafiya. Amma in na zauna, haka zan koma mutumin nan mai lauje har in mutu? Don ba zan ɓoye maka ba, har yanzu in na ji kukan shanu suna fita da safe, ƙafata ƙaiƙayi take.

In je in yi wa Baffa godiya ko in yi shiru? In cika wa Kawu alkawari ko in zauna? Ka dube ni da idon rahama ka ba ni amsa kafin wata ya mutu. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Naka,
Ɗan fari mai jinya, daga wata ruga a ƙasar Gumel.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da jiki, sannu da arziki, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta takardarka na yi dariya, na kuma share ido. Kafin komai bari in ja maka kunne kaɗan, tunda ƙafar ba ta jawuwa. An ce maka reshe ya mutu, ka hau don a ji haushi, wa ya ji a jikinsa? Gawo ba ya kunyar kowa. Ka gode wa Allah da abin ya tsaya a cinya, kuma in ka warke ka nemi Fadimatu ka ba ta haƙuri, don ta faɗa maka gaskiya ka ce ta rufe baki.

Ban ce ba ka da hujja ba. Kana da ita. Mutum ya yi ta aiki shekara da shekaru ba sannu, dole ransa ya sosu, kuma kunyar mahaifinka ta yi yawa, ko a cikin masu kunya. Al'ada ce, ba farilla ba, babu inda aka ce uba zai yi zunubi don ya dubi ɗansa ya ce Allah ya yi maka albarka. Da shi ne ya aiko mini da takarda, da na gaya masa haka ba tare da na tauna ba. Amma kai ka aiko, don haka kai zan gaya wa naka.

Ka ce an ba Haladu garke an bar ka da lauje. Tsaya ka duba da kyau. Mahaifinka mutum ne da ya ga shanunsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a shekarar yunwa, ya san kiwon damina kowane saurayi mai ƙafa zai iya, ciyawa ce ko'ina. Abin da ke kashe garke rani ne. Da ya tashi raba aiki, wa ya damƙa wa ranin? Wa ya ajiye kusa da shi, kusa da shanun tatsa da maruƙa da rumbu? Ba na ce lauje ya fi sanda daɗi ba, kuma ba na ce masu ce maka Kaɗo za su daina ba. Ina dai so ka san ba don an raina ka aka ba ka shi ba. Shi kuma yabon da yake yi wa Haladu in saniya ta fita bazara da ƙiba, ai ya san wanda ya ciyar da ita. Haladun ne kawai bakinsa yake iya kamawa.

Maganar bijimi kuwa, a nan ka fi ba ni mamaki. Wanda yake son ya rabu da kai, guzuma yake haɗa ka da ita ya ce Allah ya kiyaye hanya. Wannan tsoho ya ga ɗansa yana shirin kwashe masa nonon gida, bai yi fushi ba, bai kai ƙara wurin dangi ba, abin da ya dame shi kada ka je can a raina garkenka. Ya ɗauki abin da ya fi so ya ce a ba ka. Ka ce me ya hana shi cewa kada ka tafi? Haba ɗana! Mutumin da ya kasa ce maka a kai maruƙa inuwa, shi zai iya ce maka zauna ina bukatarka? Kuma shanun naka ne, ya san ba shi da ikon hana ka. Ya yi abin da ya iya.

Yanzu ga shawarata. Kada ka je ka yi masa godiya a kan sunan nan. Ko da wasa kada ka nuna masa ka ji. Shi a ganinsa ya yi abin kunya a gaban surukansa da baƙi, in ka tayar da maganar ka ƙara masa ne. Ka bar shi da zatonsa cewa a sume kake. Kyauta kuma ba mugunta yake yi ba, aikin abokin wasa ke nan, kuma irin wannan tsiyar ita ce take wanke kunya a hankali. Amma ya isa haka. Ka aika masa da ƙwaryar kindirmo, a ce in ji mai jinya ya sassauta wa tsoho. Zai gane. Ina ma zaton shi da kansa zai je ya jawo Baffan zuwa kasuwa.

Kawunka kuma kada ka bari sai ya taso ya sha hanya sannan ya ji. Gobe-goben nan ka tashi mutum mai hankali, ka haɗa shi da goro, ya je ya same shi. Kada ka laɓe bayan karaya ka ce ƙafa ce ta hana, don ƙafa za ta warke ya sake aiko maka. A gaya masa gaskiya, cewa ka yi alkawarin nan cikin fushi, yanzu ka ga abin da ba ka gani ba a da, ba za ka iya barin mahaifinka ba. Zai ji zafi, don shi ma da bukatarsa ya kira ka, kuma yana da hakkin ya ji. In ka miƙe ka je da kanka ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka kai masa karsana ɗaya ta zauna a garkensa don zumunci. Kawun da ya riƙe maka hannu a kasuwa ba zai tsine maka don ka zauna da ubanka ba.

Ƙaiƙayin ƙafa kuma ban ce ka danne shi har abada ba. Haladu ya riga ya ɗanɗana lauje, ya san raɓa, kuma yadda ya zo ya zauna yana murza hula ya nuna mini yaron kirki ne. Ku yi magana ku biyu tun yanzu. Damina mai zuwa ko ta bayanta ku yi musaya, kai ka bi garke, shi ya tsare gona, ka dawo da wuri ku yi harawa tare. In kun shirya, ku sa wani dattijo da Baffa yake jin nauyinsa ya kai masa. Ba na jin zai ƙi, yanzu da ya san nauyin dami a kansa.

Sai dai kada ka sa rai zai canza. Gobe ma mutumin nan zai ce, jibi ma haka, watakila har ƙarshen ransa ba za ka sake jin sunan nan a bakinsa ba. In ka zauna don kana jiran a sake kira, za ka sake ƙullatarsa. Amma akwai abin da ya kamata ya ji daga gare ka, don tsohon nan yana kwana yana tashi da zaton da ka warke za ka tafi. Kada ka bar shi a haka. Gobe da safe in ya zo ya tsaya bayan zana, ka ɗaga murya ka ce da Fadimatu ta gaya wa Baffa a bar jan bijimi a turkensa, babu inda za a. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Zai yi gyaran murya ya juya kamar bai ji ba, kai kuma ka ƙyale shi ya tafi.

Ɗana, ni ma da kake gani ɗan fari ne. Na yi furfura ina jira, na wanke mahaifina da hannuna na sa shi a kabari, ban ji sunana a bakinsa ba ko sau ɗaya. Kai ka ji, har ka rufe ido aka ƙara maka. Ka zauna kusa da shi iyakar kwanakin da suka rage masa.

Allah ya haɗa ƙashi, ya ba ka lafiya, ya kai ku ruwa da dabbobinku cikin ƙoshi. A gaishe mini da Fadimatu da Haladu, a kuma gaishe da tsohon, ko da ta bayan zana ne.

Naku,
Baba Ɗantsoho.